Hattara da masu awon hannun yara suna karɓar kuɗi a gidaje

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, musamman iyaye mata da kakanni masu riƙon jikoki. Akwai mutum biyu, mace da namiji, da ke yawo gida-gida a kan babur tun farkon damina. An gan su a Garin Malam, an gan su a Kara-Kara, yanzu kuma sun shigo mana Zango. Da hantsi suke zuwa, lokacin da maza suka fita nema. Namijin ya tsaya ƙofar gida da littafi a hannu, macen ta shiga ciki da farar riga irin ta ma'aikatan likita da zaren awon hannu mai launi uku, ta ce daga proje na yara aka turo su.

Sai ta kama damtsen yaro ta ɗaura zaren, ta ja shi da ƙarfi har ya nutse cikin nama, ya faɗa kan ja. Ta girgiza kai ta ce, "Inna, ai yaron nan tamowa ta kama shi, in ba a hanzarta ba sai dai haƙuri." Wace uwa ce za ta ji haka hankalinta bai tashi ba? Daga nan sai maganar kuɗi: jika biyu na rubuta suna, wai za a riƙa kawo abincin tamowa da tallafi duk wata. Sannan ta fiddo wata kwalbar siro marar takarda, wai maganin ƙiba da fitar haƙori, jika uku. Wadda ba ta da kuɗi a hannu a bar mata lamba, mai gida ya tura ta waya. A wasu gidajen har karnen awon yaro sun tafi da shi.

Matar ƙanena tana cikin waɗanda suka biya, kuma ɗanta wata 4 gare shi. Nan ma ƙaryar ta fito, don awon damtse na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa zalla ne abincinsa, ko ruwa ba ya buƙata, balle siron da ba a san wanda ya haɗa shi ba. Zaren kuma a tsakiyar damtsen hagu ake ɗaura shi, ya kwanta kan fata ba a matse ba. Ja yana nufin ƙasa da milimita 115, rawaya daga 115 zuwa ƙasa da 125, kore kuwa lafiya lau. Mata da yawa an koya musu wannan awon a CSI, wato asibitin unguwa, wasu ma zaren yana ɗakinsu, amma farar riga ta sa sun yi shiru.

Kwalbar nan ita ta fi tayar mini da hankali, don kuɗi in sun tafi ana samun wasu. Masu haɗa maganin ƙiba na bayan fage sukan zuba dexamethasone a ciki. Yaro ya sha, kumatu su cika, uwa ta yi murna wai ya yi ƙiba, alhali kumburi ne, kuma maganin yana raunana garkuwar jiki a daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani. Wanda ya daɗe yana shan irinsa ba a yanke masa shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali. Saboda haka wadda ta riga ta fara ba ɗanta, ta ɗauki yaron da kwalbar ta kai wa majo, shugaban ma'aikatan CSI, yau ɗin nan, kada kunya ta hana ta. Mu tuna a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 siron haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84, saboda gubar da ke lalata ƙoda. Wannan siron fa yana da suna da kwali da kamfani, balle kwalbar da ba ta da ko takarda.

Yaron da tamowa ta kama da gaske, a CSI ake duba shi: a auna hannu da nauyi da tsawo, a danna bayan ƙafafunsa a ga ko yatsa ya bar rami, a gwada ko yana iya ci. In yana ci a sa shi CRENAS, shirin jinyar tamowa mai tsanani ba tare da kwanciya asibiti ba, uwa ta riƙa karɓar Plumpy'Nut, ƙullin gyaɗar nan mai giram 92, tana ba shi a gida. In ba ya ci ko jiki ya yi tsanani a tura shi CRENI, sashen masu tamowa na asibiti, a kwantar. Ba a sayar da ko ƙulli ɗaya. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar. Na sani, wani lokaci magani yakan yanke a rubuto maka ordinans ka je farmasi, wannan damuwa ce tamu duka, amma ba a taɓa cewa a biya kuɗin rubuta suna a tsakar gida ba. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina su ma gida-gida suke bi, kuma ko dala ba sa karɓa. Rigarsu waɗannan ɓarayin suka ara, abin da kuma nake tsoro shi ne gobe mata su rufe wa na gaskiyar ƙofa.

In sun yi sallama a gidanki, Hajiya, ki ce su jira a waje, ki aika a kira mai unguwa ko relai ɗin unguwarku, wato ɗan unguwa mai taya CSI aiki, shi ya san duk wanda CSI ta turo. Yaro ya duba lambar babur ya rubuta, a kai komsariya. Waɗanda aka tafi da karnensu kuma su koma inda suke awo su faɗi abin da ya faru a sake musu wani, kada allurar ƙyanda ta wata 9 ta wuce yaro.