Tsarin Birtaniya ko na Kanada: wanne zai maye gurbin logbuk?

Dakta, kin ce sashenku na horar da likitocin iyali ya gaji da logbuk na takarda, wato littafin da likita mai koyo ke rubuta ayyukan da ya yi a ciki, kina tambaya wanne ya fi dacewa ku kwaikwaya tsakanin na Birtaniya da na Kanada. Ni dai da za ki ji tawa, ki bar maganar kyan manhaja tukuna, ki duba wa yake yin rubutun a kowanne.

A Birtaniya, tun 2020 kwalejin likitocin iyali ta RCGP ta mayar da kundin masu koyonta kan wata manhajar intanet mai suna FourteenFish. Horon shekara 3 ne, kuma nauyin rubutu yana wuyan mai koyo. Kowace shekara sai ya shigar da nazari 36 a kan marasa lafiyar da ya duba: me ya gani, me ya yi, me zai gyara, sannan ya danganta shi da fannonin ƙwarewa 13 da kwalejin ta gindaya. Ga tattaunawa da malami, ga ra'ayin abokan aiki da na marasa lafiya. Duk wata 6 malaminsa ya duba, sau ɗaya a shekara kuma kwamiti ya yanke ko zai ci gaba. Komai a rubuce yake, babu mai cewa ba a gaya masa ba. Aibinsa kuwa, idan zaman kwamiti ya matso, sai mutum ya kwana yana cika shafi da abin da ya wuce wata uku baya. Wannan ai logbuk ɗinmu ne ya sake riga.

A Kanada horon shekara 2 ne, kuma abin da suka fi dogara da shi gajeren sharhi ne da ake rubutawa nan take bayan malami ya kalli aikin. Jami'ar Alberta ta gina tsarinta, CBAS, a kan haka. A ce kin duba tsohuwa mai hawan jini, kin rubuta magani daidai amma ba ki tambaye ta ko tana shan na baya ba. Malami zai rubuta layi biyu, ya zaɓi ɗaya cikin uku: tsaya akwai gyara, ana kan hanya, ko ya iya. Sharhi ɗaya ba ya hukunta kowa. Idan sun taru ne ake ganin inda mutum yake yawan tuntuɓe, da wuri, kafin lokaci ya ƙure.

Na Kanada na fi so muku. Gajere ne, waya ta isa, ko fom ɗin Google zai iya ɗaukarsa a farko. Sai dai fa ya rataya ne a kan babban likita. A asibitin da layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa tun da safe, wa zai tsaya ya kalli aikin ƙaramin likita har ya rubuta masa layi biyu? In ba a ware wa manya wannan lokacin ba, manhajar za ta zauna wayam. Ku fara da sharhi ɗaya a kowane zaman duba marasa lafiya, shugaban sashe ya riƙa bi duk wata.

Kada dai ku jefar da takardar tukuna. Kwalejojin da ke shirya jarrabawarku, NPMCN ta Najeriya da WACP ta Afirka ta Yamma, su ke da ta cewa a kan logbuk ɗin da za su karɓa, don haka a fara jin ta bakinsu. Kuma sunan mara lafiya ko lambar katinsa kada su shiga fom ɗin.