Konjelatar gyararre daga shagon wani mai gyara a Garwa: ra'ayina

Masu tambayata a ina muka samo wa Inna konjelatar din (firjin daskarar da ruwa) da take sana'ar folere (zobo) da kankara dashi, ba sabo bane kuma ba na brokant (tsofaffin kayan Turai) bane kai tsaye, gyararre ne muka dauka a wajen wani mai gyaran firji can bayan babbar kasuwar Garwa. Shagon karami ne, rumfar kwano a gaba, tsofaffin firji jere har bakin hanya, yara biyu masu koyon aiki, sai shi mai shagon wanda gaskiya ya san aikinsa amma bai san lokaci ba, zan zo kan wannan.

Sabo dai kowa ya san dadinsa, ga garanti ga faktir (rasit), kuma na yanzu basa shan wuta sosai, in kontarka (mitar wuta) ta kati ce zaka gane bambancin a karshen wata. Matsalar kudin ne kawai, da abin da ke hannunmu karami zamu samu wanda ko ledar folere ta yini daya ba zai dauka ba lokacin azumi.

Na brokant kuwa, wadanda ake saukewa a Duwala daga Beljik da Faransa da Jamus a hauro dasu ta Ngaundare, su ne ke rudin mutane. Jiki mai nauyi, karfe na gaske, sunan kamfani babba irin su Bosch ko Liebherr, kana gani zaka ce ka tsinci dami a kala. Ni ma can hankalina ya tafi sai mai shagon nan yace min "Alhaji zo ka ga wani abu", ya juya wani firji ya nuna min yar takardar da ke manne a jiki, wajen da aka rubuta ajin yanayi. Harafi daya ko biyu ne kawai amma wlh duk maganar tana wajen. In kaga N ko SN to an kera shi ne don dakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T ne ya kai 43. Yanzu dan Allah ka tuna Garwa a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura 40, ka sa firjin da aka yi wa sanyin Turai a daki mai rufin kwano ka cika shi da ruwa, ai ka dora wa jaki kayan rakumi, injin zai yi ta gudu ba hutu har ya kone kuma ruwan ba zai daskare yadda kake so ba. Ba duka na Turai ne haka ba, akwai masu SN-T wadanda sun dace damu, amma mai brokant ba zai bata bakinsa ya fada maka ba, shi dai ya jona maka na minti kadan ka taba kaji sanyi ka biya.

Abin da ya sa na yarda da wannan mutumin shine bai boye abin da ya taba a jikin na'urar ba. Ya nuna min tsohon kwamfuresan (injin da ke kawo sanyi) da ya cire yana nan a gefe, ya sa wani mai karfi daidai da girman akwatin, ya canza filta, ya zuke iska kafin ya dura gas, ya sake robar murfi. Robar nan mutane na raina ta, ya sa takarda a bakin murfin ya rufe yace in ja, naji ta rike gam, yace in ta zare salin alin to sanyinka waje yake tafiya. Sannan ya bari muka zuba ledojin ruwa ya kwana a jone, da safe na zo na samu sun zama dutse, na kuma tsaya har naji injin ya tsaya da kansa ya sake tashi. Wannan tsayawar ku lura da ita sosai, wasu masu gyara suna tsallake tamostat din (abin da ke kashe injin in sanyi ya kai) su hada waya kai tsaye don sanyi ya burge mai saye, injin ba zai taba hutawa ba, kai kuma kana murna.

Maganar gas ma ya fahimtar dani. Tsofaffi sosai R12 suke amfani dashi wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, in kaga irinsu ka wuce kawai. Bayansu R134a, na yanzu kuma mafi yawa R600a wanda yana kama wuta, kuma ba a zuba wani a injin wani don har man da ke cikinsu ba iri daya bane. Duk mai gyaran da yace maka gas gas ne, dauki kayanka.

Inda ya bata min rai, alkawari. Gobe in sha Allahu, gobe in sha Allahu, har Inna ta fara cewa ko kudin sun bi ruwa. Kuma garantinsa na baki ne, sai da na matsa kafin ya rubuta a takarda ya sa hannu, gajere ne ma in ka hada da na sabo. Fentin da yaran suka fesa ma ba wani kyau, ya sauka har kan robar. Da zasu kawo kuma sai suka so kwantar dashi a keken daukar kaya, shi da kansa ya daka musu tsawa, ya ce ko a tsaye aka kawo a barshi ya huta wasu awanni kafin a jona don man injin ya koma mazauninsa.

Sai wuta. Mu nan arewacin Kamaru mun dogara da madatsar Lagdo tun 1982, in ruwa ya ja baya da rani kowa ya san yadda ake, duk da tashoshin sola na Marwa da Gider sun dan rage abin. Shi yasa mai shagon yace ba ruwansa da garanti in bamu sa regilata mai jinkiri ba, wanda in wuta ta dawo sai ya jira yan mintuna kafin ya saki. Na ga kamar neman karin ciniki ne amma ba shi ke sayarwa ba, kuma sabo ma in ka saya wannan kudin sai ka kashe shi.

Ni a ganina in na amarya ne ko na cikin gida kuma aljihu ya yarda, a sayi sabo mai T a huta. In na sana'a ne kana son babba da kudi kadan, gyararre a hannun irin wannan mutumin ya fi na brokant da ba wanda ya bude cikinsa. Amma ku sani baya karbar firjin da ke yoyon gas ta cikin bango, yace ko ya dura zai sake fita, kuma injin wanki da kilimatiza (na'urar sanyaya daki) ba fanninsa bane, nan take zai tura ka wani waje.