Gwajin kalfurotektin na gida, ra'ayina a kansa

Masu fama da ciwon Kuron (Crohn's) ko gyambon babban hanji, wato cututtukan kumburin hanji masu daɗewa, ku matso kusa, akwai kayan gwajin kashi da mutum ke yi da kansa a gida, likitana ne ya ce in gwada kuma wallahi ban yi da-na-sani ba.

Abin da yake aunawa sunansa kalfurotektin, furotin ne da ke cike maƙil a cikin niyutirofil, irin fararen ƙwayoyin jinin nan da ke fara rugawa duk inda kumburi ya tashi. To in hanji ya kumbura sai su yi ta kwarara ta bangonsa, furotin ɗin ya biyo kashi ya fito, iya yawansa iya zafin kumburin. Shi ya sa ni na fi yarda da shi a kan CRP, furotin ɗin da ake aunawa a jini don gano kumburi, don CRP hanta ce ke yin sa, ciwo ko a ina yake a jiki zai iya ɗaga shi, kuma akwai wanda hanjinsa ke ci da wuta amma CRP ɗinsa lafiya lau.

Yin sa ba wuya. Akwai ɗan tsinke mai zara-zara a baki, ka soka shi a kashin safe, ka mayar cikin kwalbarsa mai ruwa ka girgiza sosai, sai ka ɗiga a kan ɗan faranti irin na gwajin juna biyu, ka jira 'yan mintuna, kyamarar waya ta karanta layin ta ba ka lamba. Ƙyama kam akwai a farko, amma ana sabawa.

Ƙasa da 50 maikurogiram a kowane giram na kashi galibi alama ce hanji a kwance yake, sama da 250 kuma kumburi ya motsa. Abin da ya fi burge ni, lambar kan fara hawa tun kafin gudawa da jini su dawo, kenan likita zai iya gyara magani da wuri ba sai mutum ya kwanta ba.

Inda ya ban haushi, in haske bai isa ba kyamarar sai ta yi ta ƙin karantawa. Sannan tsakanin 50 da 250 ɗin nan wurin tashin hankali ne, ka rasa murna za ka yi ko tsoro. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na ɗaga shi, haka ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, kuma in Kuron ɗinka a ƙaramin hanji yake lambar na iya fitowa ƙasa alhali ciwon na nan. Ba ya kuma bambance Kuron da gyambon babban hanji, wannan sai an leƙa hanjin da na'ura an ɗebi nama.

Don Allah kar lamba ɗaya ta sa ka taɓa maganinka, tura wa likita ya duba yadda take hawa da sauka, kuma ka tsaya a kan kamfani ɗaya don lambobinsu ba sa zuwa daidai da juna.