Lissafin WCET: a karanta kod ko a gwada a kan na'ura?

Manhajar burkin mota in ta makara da milisakan kaɗan an shiga uku, shi ya sa ake neman lokaci mafi tsawo da za ta iya ɗauka kafin ta gama aikinta, wato WCET. Masu amfani da aiT, kayan aikin lissafin WCET na kamfanin AbsInt, ba sa kunna manhajar ma, kod ɗin suke bi lungu-lungu da samfurin furosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) har da kash (ƙaramar ma'ajiyarsa mai sauri) da faiflayin (layin da umarni ke bi mataki-mataki a cikinsa), sai su ba ka iyakar da ba za a wuce ba, ko da yake takan yi yawa. Da aiT Airbus ta tantance manhajar jirgin sama A380. Masu gwaji da kayan aiki irin RapiTime kuwa kunnawa suke su auna, ya fi sauƙi gaskiya, amma fa in gwajinka bai taka mummunar hanyar ba lambar da ka samu ta yi ƙasa. In jirgi ne ni aiT zan bi.