Tsakanin juya kan babur ɗinka da sayen dogon kai

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Kan ciwon wuyan hannu da kafaɗa da Boxer ke sa ka, da tambayar ko ka sayi dogon kai da libobin nan masu lamba (waɗanda ake iya matso da su kusa da hannu) ko ka taɓa na jikinta: taɓa na jikinta. Ajiye kuɗinka ka sha mai.

Ni ma Boxer gare ni, a kwali na saye ta. Ka san yadda ake yi, yara ne ke haɗawa a ƙofar shago, rana na dukansu, wasu baburan na jiransu. Inda kai ya tsaya nan za su ɗaure, ba ruwansu da tsawonka ko tsawon hannunka. Tawa da ta fito, libar birki da ta kuloci sama suke kallo. A nan Sakkwato, in na taso daga Mabera na nufi Dundaye, kafin in wuce Dandima yatsuna sun fara mutuwa.

Wani dattijon bakanike a Buzaye ya raba ni da abin, kuma bai sayar min da ko noti ba. Ya ɗora babur a dabal ya ce in hau in zauna yadda nake zama a hanya, in rufe ido, in miƙa hannu inda ya fi min daɗi. Da na buɗe ido sai ga hannuwana a bayan robar da ake riƙewa, kusan yatsa biyu tsakani. Ya sassauta kusoshi huɗun da ke riƙe da kai a tsakiya, ya jawo shi baya kaɗan ya ɗaure. Sannan ya sassauta maɗaurin libobin ya kwantar da su ƙasa, har daga gwiwar hannuna zuwa kan yatsuna ya zama layi ɗaya, babu karyewa a wuyan hannu. Da na miƙa masa kuɗi cewa ya yi in sayo wa yaransa ruwan sanyi. Allah ya saka wa Baba da alheri, har yau kan babur ɗina a nan yake.

Aikin nan kai ma za ka iya a ƙofar gida. Sifana 8, 10 da 12 sun isa yawancin baburanmu, wasu sai da alanki. Kafin ka kwance komai ka sa alama da alƙalamin maka a jikin kai daidai bakin murfin da ke riƙe da shi a tsakiya, don in abin bai yi maka ba ka mayar inda yake. Sau da yawa ma akwai ɗan ɗigo da kamfani ya buga a wurin. Kaɗan-kaɗan ake juyawa, domin abin da ka motsa a gindi ninkuwa yake yi a wajen roba. In ka ja shi baya da yawa, gwiwar hannunka za ta maƙale a haƙarƙari, kuma in ka karya kai har ƙarshe babban yatsanka zai matse da tanki. Ka lura wurin nan mai kaushi na jikin kai ya zauna daidai a tsakiyar murfi. Wajen ɗauri kuma a bi kusoshin bi da bi, kada a gama da ɗaya a bar sauran. In murfin yana da ɗigo, gaba ɗigon yake kallo, kuma kusoshin gaba ake fara ɗaurewa.

Da ka juya kai, libobi da madubai sun bi shi, shi ya sa ake gyara su daga baya.

Sai wasan liba, wanda ni a ganina shi ne rabin ciwon da mutane ke ɗora wa kai. Libar kuloci tana bukatar ɗan sako-sako kafin ta fara jan waya, kamar milimita 10 zuwa 20 in ka auna a bakinta. In babu wasa sam, kuloci na zamewa yana ci a hankali, ka ji injin na kuka babur ba ya gudu. In ya yi yawa, giya ta yi tauri, furi ya yi wuyar samu. Akwai ɗan noti mai zagaye inda waya ta shiga liba: saki makullinsa, murza, sake kullewa. In ya ƙure, akwai wani a ƙasa kusa da injin. Birkin gaba na Boxer shi ma na waya ne, notinsa na jikin ƙafar gaba, kuma wasansa kusan ɗaya da na kuloci. Bayan ka ɗaure ka ɗaga tayar ka juya ta, kada ta riƙa kamawa. Mai babur ɗin da birkin gabansa na mai ne, wannan notin ba nasa ba ne, shi dai ya kula kada ya karkatar da kofin man sosai.

Kuma wayar kanta. Ƙurar hunturu a Sakkwato ba ta barin waya da maiƙo. Cire ta daga liba, ka ɗiga mata baƙin mai ta sama har ya ɓullo ƙasa, ka shafa giris a kusar da liba ke juyawa a kai. Mutum zai yi ta kukan kuloci ya yi tauri, ya je ya sayi liba mai kala, alhali wayar ce ta bushe.

Dogon kai kuwa, to, yana da amfani ga mutum dogo sosai wanda ya juya na jiki har ƙarshe bai isa ba, ko wanda nasa ya lanƙwashe a faɗuwa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Kaurinsa ɗaya da na kamfani, milimita 22, don haka zai shiga murfin, amma wayoyin totur, kuloci da birki an yanke su ne daidai tsawon na asali. Ka ɗaga kai su miƙe, ka karya kwana babur ya ƙara wuta da kansa, ka tuna cunkoson Tsohuwar Kasuwa ka gani ko kana son haka. Ga shi akwatin makunnai yana da ɗan haƙori da ke shiga wani rami a jikin kai, na kasuwa da yawa ba su da ramin. Bakanike mai gaggawa sai ya karye haƙorin, daga nan akwatin totur ya riƙa juyawa da hannunka. Libobi masu lamba suna taimakon mai gajerun yatsu, gaskiya ne. In yatsunka na kai wa liba ba tare da ka saki roba ba, ado kawai za ka saya.

Ko wanne ka yi, gwajin ɗaya ne: tayar da injin a furi, karya kai dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Ƙarar injin kada ta canza, totur ya koma da kansa in ka sake shi, wutar birki ta kama. Ka zagaya unguwa kai kaɗai kafin ka ɗauki iyali, bayan kwana biyu ka sake taɓa kusoshin da sifana.

In kuma ka ƙi ji sai ka saya, ka yi hattara da masu kayan gyara. Kowane kwali an rubuta masa sunan kamfani, kowa kuma zai rantse maka nasa na Indiya ne. Ka tafi da tsohuwar libarka ka haɗa su gefe da gefe, ramin kusa da wurin da ke danna makunnin wutar birki su zo ɗaya. Jabun liba ba ta lanƙwasa, tsinkewa take yi kamar busasshen kara da zarar babur ya kwanta. Shi kuma dogon kan, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka leƙa bakin bututun ka ga kaurin ƙarfen. Wanda aka ce maka Beljiyam ne, duba lungunan lanƙwasa: sabon fenti a nan kaɗai yana nufin an gasa shi an miƙe, kada ka karɓa ko kyauta ne. Sannan ka tsaya a kan aikinka, kayan da aka cire maka ka sa su a leda ka tafi da su gida, don akwai masu ɗaura maka jabu su sayar da naka na asali ga wanda ke bayanka a layi.