Gargaɗi ga masu Hilux da Land Cruiser a Zariya: ku yi hattara da mai tallan injin iskar taya

Assalamu alaikum. Saƙon nan na masu motocin shiga daji ne a Zariya da kewaye: manoman da ke kai taki gonakin Soba da Maigana, 'yan kwangilar da ke bin ƙauyukan Giwa da Kudan, da direbobin da damina ba ta hana su fita. Akwai wani mutum da ke tallan injin ba taya iska, irin wanda ake ɗaurawa a jikin mota ya riƙa aiki da batir. Tallan yana yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp. Lambar wayar tana canjawa, hotunan kuwa su ne dai. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya ba wannan ba shi ya ba wancan ba, kuma asusun da ake tura kuɗin ma wani suna ne daban a kansa.

Kayan dai abin buƙata ne, shi ya sa tarkon ke kamu. Duk wanda ya saba shiga taɓo ko rairayin rafi ya san ana sace wa taya iska daga wajen 30 zuwa wajen 20 a geji, don ta baje ta kama ƙasa. Matsalar tana wajen fitowa. Ka hau kwalta da buhunan masara a baya, tayoyi a lanƙwashe, mai faci kuma yana can nesa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska zafi take ɗauka a kan gudu, ƙarshenta ta fashe. To wa zai ƙi injin da zai cika masa tayoyinsa huɗu a bakin hanya?

Labarin da mutumin ke bayarwa ɗaya ne. Wai kayan kamfanin ARB ne na Ostareliya, an ciro su daga motocin ƙungiyoyin agaji da aka yi gwanjonsu, saura 'yan kaɗan a hannunsa. Kuɗin bai kai rabin na sabo ba, ɗaurawa kyauta, ga garanti na shekara guda. Sai dai a fara tura kafin alƙalami. Ba shi da shago. Ko ya zo har gida, ko ya ce a haɗu wajen Kwangila, kuma ba ya zuwa sai bayan la'asar sakaliya, yadda kafin ya gama aiki an kira magariba, mai mota yana sauri, ba wanda zai tsaya dudduba.

Na ga guda ɗaya da aka kwance a wajen wani mai gyaran wayar mota a Sabon Gari. Daga nesa ba laifi, baƙin fenti yana sheƙi, ga tambari. Da aka sa farce a gefen tambarin sai ya ɗago, sitika ce. Da aka buɗe murfin, 'yar na'urar juyawa ce ƙarama a ciki, irin ta fanfon da ake soka wa a ramin kunna sigari, giyarta ta roba, haƙoranta sun narke sun haɗe. A gefe kuma an liƙa wani guntun ƙarfe da gam, ba ya aikin komai sai ƙara nauyi, don in ka ɗaga ka ji kamar kaya. Mai gyaran ya fere wayar da reza ya nuna mana: ja a sama, fari a ciki, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Amma jabun kaya ba sabon abu ba ne a kasuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wurin da yake ɗaura injin, domin a nan ainihin damfarar take. A yawancin motocin, ƙarƙashi yake shigewa ya ɗaure shi a jikin shasi, bayan tayar baya, inda ba za ka gan shi ba sai ka kwanta a ƙasa da tocila. In ka yi magana sai ya ce: "Alhaji, ai nan Turawa ke sa shi, iska na buga shi, ba ya ɗaukar zafi." Wurin nan kuwa shi ne matattarar duk abin da taya ta watso: taɓo, tsakuwa, ruwan rafi, ƙurar hunturu. A wata motar kuma cikin bonet ya sa, dab da inda salansa ke fitowa daga inji, wurin da ya fi ko'ina zafi.

Ba rashin sani ba ne. Ya san kayan ba za su jima ba, don haka tun ranar ɗaurawa yake tanadin uzurin ranar mutuwa. In ka kira shi, ya ɗauka da fara'a, ya ce a ɗauko masa hoto. Yana ganin taɓo a jiki sai ya ce: "Kash, Yallaɓai, ruwa ka shiga da shi. Garanti ba ya ɗaukar ruwa." Na cikin bonet kuma ya ce injin motarka ne ke zafi fiye da ƙima, ka je a duba lagireto. Daga nan ya yi tayin kawo wani a rangwame, wato a sake biya. Wanda ya matsa, a toshe lambarsa. Mutum ya sayi kaya don shiga daji, a ce masa laifinsa ne da ya shiga daji!

Ga yadda abin yake a gaskiya, don ko ba wannan mutumin ba, kada wani ya yi muku irin wannan. Injin iska abu uku ke kashe shi: zafi, ƙura da ruwa. Shi kansa yana haifar da zafi, domin matse iska zafi take kawowa, kansa yakan yi zafin da ba ya taɓuwa. Shi ya sa masu ƙera shi ke rubuta tsawon lokacin da zai yi yana aiki kafin ya huta. Na ARB mai kai ɗaya da aka saba gani rabi da rabi ne, minti 30 na aiki, minti 30 na hutu. Mai kai biyu kuwa yana da fanka, yana iya aiki ba tsayawa. In ka kai shi wuri mai zafi, ka rage masa wannan lokacin.

Cikin bonet wuri ne da ake sawa, ba a ce a'a ba. Yana kusa da batir, waya ba ta tsawo, ƙararsa ba ta damun na ciki. Sharaɗin shi ne a sa shi sama, nesa da ɓangaren salansa da tabo (turbo) na inji, a kan faranti mai ƙarfi da aka ɗaure da noti a ramukan da ke jikin motar, a kuma buɗe bonet lokacin da ake ba da iska. A zafin Maris da Afrilu na Zariya, ni dai na fi natsuwa da cikin mota: ƙarƙashin kujera ko bayan kujerar baya a Hilux mai ƙofa huɗu, ko gefen but a Land Cruiser da Prado. Can babu ruwa, ƙura kaɗan ce. Farashin da za ka biya shi ne ƙara da girgiza, da doguwar waya wadda dole ta ƙara kauri, kuma kada a jibga masa darduma ko buhu a kai, yana son sarari ya sha iska. Bayan akori kura ma yana yiwuwa in akwai akwatin ƙarfe mai 'yan ramuka. Ƙarƙashin mota shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma masu yin hakan da gaske suna yi masa garkuwa, su ja bakin shaƙar iskarsa da tiyo zuwa sama inda ruwa ba ya kaiwa. Mutumin nan ko matatar iskar ba ya dubawa, a buɗe yake barin ta tana kallon taya.

Sai batun wuta, wanda ya fi ba ni tsoro. Injin gaske yana jan wuta da yawa: mai kai ɗaya yana iya haura amfiya 30, mai kai biyu ya haura 50. Ramin sigari kuwa fis ɗinsa tsakanin 10 ne zuwa 15. Don haka duk wanda ya ce maka babban inji ne amma ya jona shi a wayar ramin sigari ko ta rediyo, ɗayan biyu ne: ko injin ba babba ba ne, ko wayar motarka za ta narke. Haɗin da ya dace daga batir yake tashi kai tsaye, da waya mai kauri, fis dab da kan batirin, da rile, wato abin da ke buɗe hanyar wuta ya rufe, wanda makunni ke sarrafawa. Wayar kuma a sa mata riga duk inda za ta ratsa ƙarfe. A motar da na gani babu fis ko ɗaya, wayar tana goga da gefen shasi har ta fara zarewa, ba nisa da tankin mai. Allah ne kawai ya tsare.

Kafin ka ba kowa sisi, riƙe kayan a hannunka da rana tsaka. Na ARB mai kai ɗaya ya haura kilo 4, mai kai biyu ya kusa kilo 9, amma tunda ana cusa ƙarfe, nauyi kaɗai bai isa shaida ba. Nemi lambar ƙira da ke jikinsa ka gwada ta da ta shafin kamfanin a intanet. Sannan gwajin da ba ya ƙarya: sace wa tayarka iska zuwa 15, a jona injin a batir mota na kunne, ka duba agogo. Na gaske zai mai da ita 30 cikin minti biyu zuwa uku. Jabun zai yi ta kuka fiye da minti goma, ya ɗauki zafi, wani lokaci har ƙauri ya tashi. Ka ce kuma a ɗaura a garejin mai gyaran wayarka, a gabansa, a wurin da kai ka zaɓa. An ce da aka gindaya wa mai tallan wannan sharaɗin a Tudun Wada, sai ya ce bari ya ɗauko sifana a mashin, bai dawo ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirar. Ya ɗauki hoton tallan, da shaidar tura kuɗin, da sunan asusun, ya kai wa bankinsa ƙorafi a rubuce da wuri, ya kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kun san juna ku da abin ya shafa, ku tafi tare, an fi sauraron ƙorafin taro. Wanda kuma aka riga aka ɗaura masa, ko injin yana aiki har yanzu, ya je yau a cire wayar daga batir, a bi ta daga farko har ƙarshe a ga inda ta bi, kafin ya sake ɗaukar iyali ko kaya a motar.