SSD, HDD ko Filas: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Ciro Kuɗinka

Kusan duk wanda ya zo neman shawarata game da kwamfutarsa da ta yi nauyi, buƙata ɗaya yake kawowa, wato a ƙara masa “memori”, alhali kalmar nan abubuwa biyu daban ta ƙunsa. Akwai RAM, wanda yake kamar teburin tela, inda ake baza aikin da ake yi a yanzu, kuma da zarar an ɗauke wuta ko batir ya mutu, duk abin da ke kansa ya tafi. Akwai kuma ma'ajiya, wadda take kamar kabad, inda hotuna da takardu da manhajoji suke kwana ko da an kashe na'ura. Wanda bai bambance su ba, sau da yawa yakan sayi abin da ba shi ne ciwonsa ba.

Batun RAM ba shi da tsawo. Windows 11 yana neman aƙalla giga 4, amma wanda yake buɗe shafukan intanet da yawa tare da Word, giga 8 ne zai ba shi kwanciyar hankali. Abin lura kawai shi ne nau'o'in RAM, wato DDR3 da DDR4 da DDR5, ba sa shiga ramin juna, sannan wasu siraran laftof an manne musu RAM a jikin babban allon lantarki da ke cikinsu ta yadda ba a iya ƙarawa, don haka a duba kafin a saya.

Inda nake son mai saye ya tsaya ya yi tunani shi ne ma'ajiya, kuma ba zan ɓoye ba, ni ɗan SSD ne. Tsohon faifai na HDD yana da farantai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da ɗan hannu da ke yawo a kansu yana neman bayanai, shi ya sa kake jin ƙarar ƙis-ƙis idan kwamfuta tana tashi. SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin lantarki ne zalla. Nau'in SATA, mai siffar inci biyu da rabi da ke shiga gurbin tsohon faifan laftof kai tsaye, yana karanta kusan mega 550 a daƙiƙa, yayin da HDD na laftof yake fama a wajen mega 100. Amma ba wannan lissafin ne ma yake sa mutum ya ga bambanci ba. Saurin gano dubban ƙananan fayiloli ne, wanda shi ne aikin da kwamfuta take yi duk lokacin da aka kunna ta. Na sa SSD a tsohuwar laftof ta gwanjo wadda a da nakan kunna ta in je in haɗa shayi in dawo, yanzu kafin in gyara zama ta gama tashi. Ga wanda yake rataya jakarsa ya hau babur ko adaidaita a kan hanya mai gargada, rashin abin juyawa a ciki wata fa'ida ce babba, domin girgiza da faɗuwa su ne ajalin HDD.

Akwai kuma wani nau'in SSD mai suna NVMe, ɗan siriri kamar tsinken cingam, wanda ake sakawa a wani ɗan rami da ke cikin kwamfuta mai suna M.2, kuma yana kai mega 3,500 a daƙiƙa a kan PCIe (hanyar da yake bi ya haɗu da kwamfuta) na uku, kusan 7,000 a kan na huɗu. Idan kwamfutarka tana da ramin, saye shi, sai dai a tabbatar ramin yana karɓar NVMe, domin wasu ramukan M.2 SATA kaɗai suke ɗauka. Masu cewa SSD yana saurin mutuwa su duba adadin rubutun da kamfani ya lamunce: Samsung 870 EVO mai giga 500, alal misali, an ba shi lamunin tera 300 na rubutu (tera ɗaya giga dubu ne) ko shekara biyar, wanda ɗalibi ko ma'aikacin ofis da wuya ya kusance shi. Aibinsa na gaskiya shi ne idan ya tashi mutuwa sau da yawa ba ya yin gargaɗi, kuma ciro bayanai daga cikinsa yana da wuya. A ganina giga 500 ne daidai ga yawancin mutane, domin giga 128 yakan cika tun ba a je ko'ina ba.

HDD bai da sauran amfani a wajena sai zama a gida a matsayin wurin kwafi na biyu, saboda arharsa idan ana neman tera ɗaya ko biyu. Filas da katin memori kuwa 'yan aike ne, su kai saƙo su dawo, kuma bai kamata a ba su ajiyar abin da babu kwafinsa ba.

Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Na taɓa sayen filas a wani shago, an rubuta giga 128 a jikinsa, cikin kwali mai sheƙi, a farashin da ya kamata ya sa ni shakka amma kwaɗayin arha ya rufe mini ido. Na kwashe hotuna da bidiyon bikin ƙanwata na zuba a ciki, na ga sunayen fayiloli sun jeru cif, sai na goge na cikin waya. Ranar da Hajiya ta ce a nuna mata, bidiyon farko-farko ne kawai suka buɗe, sauran duk suna ne babu komai a ciki. Da na gwada shi daga baya, giga 8 ne ainihin cikinsa. Dabarar ita ce ana sauya bayanin da ke cikin ɗan ƙwaƙwalwar filas ɗin domin ya faɗa wa kwamfuta ƙarya game da girmansa, sai ya riƙa karɓar kaya yana zubarwa ko yana rubutawa a kan na baya, ba tare da ya nuna wata matsala ba. Yin fomatin ba ya tona shi, duba girmansa a kwamfuta ma ba ya tona shi, wanda shi ne abin da mai shago zai nuna maka ya ce ka gani da idonka.

Abin da ke tona shi shi ne a cika shi dam sannan a karanta. Manhajar H2testw ta kyauta ce a Windows, F3 kuma tana yin aikin a Linux da Mac. Sukan ɗauki sa'o'i a kan babbar ma'ajiya, amma su ne kaɗai shaidar da nake karɓa. Kada kuma a rikita jabu da lissafi: na gaske mai giga 64 zai nuna kusan 59 a Windows, tera ɗaya zai nuna giga 931, saboda kamfanoni suna ƙirga da dubu, kwamfuta kuma da 1,024. Sunayen SanDisk da Kingston da Samsung su ne aka fi kwaikwaya, daidai saboda su mutane suka yarda da su, don haka suna a jikin kwali ba hujja ba ne. Katin memori mai tera biyu a kuɗin kwanon abinci ƙarya ce tsagwaronta, haka ma “SSD” na waje mai tera 16 da ake tallatawa a intanet, wanda idan aka fasa shi akan tarar da ɗan katin memori an liƙa shi da gam a cikin akwati.

Ko SSD ɗin da nake yabo bai tsira ba, domin ana goge tsoho a sayar da shi a matsayin sabo. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna sa'o'in da faifai ya yi a kunne da yawan rubutun da aka yi a kansa, kuma sabon kaya bai kamata ya nuna dubban sa'o'i ba. Ni yanzu da laftof ɗina nake zuwa kasuwa, in gwada abin da zan iya gwadawa a gaban mai shago, in karɓi rasidi mai ɗauke da lambar kayan, sannan in nemi sharaɗin dawowa da shi cikin kwana biyu idan cikakken gwaji ya nuna matsala. Wanda ya ce kayansa ba a gwadawa, nakan yi masa godiya in wuce shago na gaba.